Faifan Tara ga Afrilu

Harlem, New York
9 ga Maris, 1959

Zuwa ga 'yata Verdell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kuma karatun aikin nas bai gama tsotse ki ba. Ki gaishe min da shugabar makarantarku Mis Upshaw, in tana amsa gaisuwa. Ni lafiyata lau, ban da hannuna na hagu da na soya ranar Alhamis.

Ga yadda aka yi. Kin san fatar maraƙi ba ta shiri da damshi. Mako guda ana ruwa, ƙaramar gangata ta saki jiki, in ka buga ta sai ka ce jiƙaƙƙen burodi kake mari. Duk makaɗi mai hankali fitila yake kunna mata ya zauna ya jira. Ubanki, da ya bar makaranta a aji huɗu, ya ce fitila ta cika nawa. Sai ya ɗora ta bisa murhun gas na Misis Hightower mai gidan da nake haya, ya rage wuta. Ana haka wayar zaure ta yi ƙara.

Mista Rudnik ne, mai ɗan kamfanin faifan jaz ɗin nan da na sha yi wa kiɗa a bayan mutane. Ya ce, "Cleophus, kana zaune?" Na ce, "Yallaɓai, shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune, ai shi ne aikin." Ya ce bana faifan da mai ganga ke jagoranta shi ke tafiya a kasuwa, kowane kamfani ya fitar da nasa, shi ma yana so. Sunana a sama, hotona a bango, ni zan zaɓi mutanena huɗu, ni zan ce a fara, ni zan ce a tsaya. Ranar Talata bakwai ga Afrilu, yini ɗaya tal.

Dell, ki ji fa. Ni da na san ƙeyar kowane mai busa ƙaho a garin nan, har in na gamu da su a titi ba na gane su sai sun wuce na ga bayansu. Ni da sunana kullum yake can ƙasan bangon faifai, kusa da inda ake manna farashi. Yau ni ne a sama.

Ina cikin yi masa godiya ta huɗu na ji ƙauri. Na saki waya tana lilo, na haura bene da gudun da ban yi ba tun kina goye, na cafki bakin gangar. Ƙarfe ne, 'yata. Na manta ƙarfe ne. Ganga dai ta tsira, fatarta ma ta yi daidai yadda nake so. Tawa fatar ce ta tsaya a jikin ƙarfen, tsakanin babban yatsa da manuni, daidai kwarmin da sanda ke kwanciya. Ko da maƙiyana wutar nan ta yi shawara, ba za ta zaɓi wurin da ya fi nan ba.

Misis Hightower ta lafta min man shanu ta ɗaure da tsohon labule, tana faɗa wai man Lahadi ne na cinye mata. Yanzu duk kuliyoyin layinmu bina suke yi.

Kada ki damu da maganar bikinku. Talata mu ɗauki faifai, Alhamis in hau bas, Asabar sha ɗaya ga wata ina zaune a Nashville ina kallo a ɗora miki farar hular nas. Har taye na aro. Kuma ɗan kiɗan nan mai sanyi da nake yi miki da baki lokacin da kike haƙora, Mabry mai fiyano ya rubuta min shi a takarda. Zai shiga faifan, kuma sunanki zan sa masa.

Babanki, soyayye,
Cleophus Tarver

*

Nashville
15 ga Maris

Baba,

Na sami wasiƙarka, ina lafiya, da fatan kai ma haka. Na yi murna da labarin faifai, da gaske nake. Na karanta wa abokiyar ɗakina wurin kuliyoyi har ta ƙware da dariya.

Yanzu ka saurara. Ka wanke man shanun nan, ba magani ba ne. Ruwan da aka tafasa ya huce, da bandeji mai tsabta na kantin magani, ba labule ba. Ka je asibiti a duba. In na san ka, ƙunar ba ta wuce girman tsaba ba ka mai da ta labari, amma duk da haka ka je.

Mu ashirin da shida za a sa wa hula. Kowace an ba ta kujera biyu ta baƙi. Gwaggo Lutie ƙafarta ba za ta bar ta ta taso daga Waycross ba, don haka kai kaɗai ne nawa. Na ba wata mai dangi da yawa kujera ɗaya. Ɗayar na rubuta sunanka na miƙa wa Mis Upshaw. Ta ɗaga gilashinta ta ce, "Wannan ne mai kiɗan?" Na ce e. Ta ce, "To, ma gani."

Baba, kada ka sa ta yi gaskiya.

'Yarka,
Verdell

*

Harlem
21 ga Maris

Likitata,

Na gode da wasiƙa, na ji daɗi da kike lafiya. Ki gaya wa Mis Upshaw mai kiɗan yana gaishe ta, kuma shi ma yana so ya gani.

Man shanu na wanke shi kamar yadda kika ce. Asibiti kuwa, a nan muka rabu. Kin manta inda nake? Asibitin unguwarmu rabin masu tura gadon marasa lafiya makaɗa ne da rana ta yi musu yawa. Akwai wani mai busa a ƙofar shiga da bakinsa ya fi ƙahonsa ƙara. In na shiga da safe riƙe da hannu, kafin azahar maganar ta kai zauren ƙungiyar makaɗa, kafin la'asar ta kai kunnen Rudnik, kafin rana ta faɗi wani mai hannu biyu yana zaune a kujerata ana ɗaukarsa hoto. A sana'ar nan ana yafe wa mutum giya, ana yafe masa latti, ana yafe masa matar wani. Ciwon hannu ne ba a yafewa. Waya kawai take daina ƙara, ba wanda zai ce maka komai.

Don haka ranar Laraba na je zauren da safar hannu ta fata, kamar mai ɗaukar gawa. Wani ɗan iska ya ce, "Kai, Tarver, daga yi maka alkawarin faifai har ka fara ƙyamar taɓa talakawa?" Na ce, "Hannun nan yanzu na kamfani ne, in kana son gaisawa ka rubuto takarda." Aka yi ta dariya. Na shiga bayi na cije hulata don kada a ji ni.

Mabry kaɗai ya sani. Ya ce kakarsa da ruwan gishirin kokwamba take maganin ƙuna. Na gwada. Ban san abin da kakar Mabry ta yi wa mutane ba, amma na tabbata ba ta cikin aljanna.

Hannun ya ɗan kumbura, yana kuma buga nasa kiɗan, tif, tif, tif, bai taɓa kuskuren lokaci ba. Ya fi ni iyawa. Na gwada riƙe sanda jiya ta faɗi sau uku, na huɗun ni na jefar da ita.

Akwai abin da nake so in faɗa tun da wuri. In abin nan bai sauka ba, tafiyar bas ta yini da kwana za ta yi min wuya. Ba cewa na yi ba zan zo ba. Cewa na yi ki sani.

Babanki,
C. T.

*

Harlem
26 ga Maris

Dell,

Ina gaisuwa. Ban ga amsarki ba, na san aiki ne. Lafiyata da sauƙi, sai dai zazzaɓi da ke zuwa min hira da yamma, baƙon da ba ya jin an ce sai gobe.

Yau mun yi gwaji a ɗakin Mabry. Na ce wa yaran ni shugaba ne yanzu, shugaba ba ya gumi a gwaji, na zauna ina buga gwiwa da hannun dama. Mai busa mana ƙahon saksafon, Purvis, ya dube ni ya ce, "Dattijo, wani abu na wari a ɗakin nan." Na ce, "Busarka ce." Ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon safar.

Rudnik ya riga ya zaɓi suna, wai Tsawa. Yana son in yi ta luguden ganga ni kaɗai a kowane gefe na faifan har allurar garmaho ta yi tsalle. Ya ce abin da mutane ke saya ke nan in mai ganga ne gaba. Na ce masa zai ji tsawar da bai taɓa ji ba. Na fito na jingina da bango don titi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Ga wani abin dariya. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannuna yana hawa sama, siriri, kamar layin dogo a taswira. Shekaranjiya yana Baltimore, yau ya wuce gwiwar hannu, ina jin Nashville ya nufa. Ki ga, ko ban zo ba hannuna na hanya.

'Yata, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Mabry ba. Shekarata hamsin da huɗu. Ba za a sake kirana a waya a ce in zauna ba. In na mutu yau, abin da na bari shi ne ɗan kas-kas a bayan busar wasu, sai mai kunne ya kasa kunne ya ce, wane ne wancan? Ba na son kuɗi, ba na son suna a jarida. Ina son abu ɗaya mai zagaye da za ki ɗora a garmaho ki ce wa 'ya'yanki, ga abin da ya hana kakanku zama a gida. Ko da bai kai ba, a dai ji shi.

In akwai wani magani da ake sha a ɓoye ba sai an ga likita ba, ki rubuto min sunansa da manyan baƙaƙe. Kwana goma sha biyu kawai nake roƙon hannun nan. Bayan nan in ya ga dama ya faɗi.

Mabry zai jefa min wannan a akwatin gidan waya, ƙafafuna sun ce sun tashi aiki.

Baba

*

Nashville
26 ga Maris

Baba,

Ina lafiya. Wasiƙarka ta ashirin da ɗaya ga wata ta zo, na ajiye ta kwana biyu don in huce. Ban huce ba.

"Ba cewa na yi ba zan zo ba." Na san wannan kiɗan, tun ina ƙarama nake jin sa. A hankali yake farawa. Lokacin da aka yi min baftisma mota ce ta lalace a Memphis. Lokacin da na gama sakandare haƙori ne, har ka zana min hoton kumatunka. Lokacin Mama kana Kansas City, ka iso an riga an rufe ta, sai ka tsara kiɗa ka sa masa sunanta, Ozella, mutane suka yi ta cewa kai, mutumin nan yana son matarsa. Yanzu kuma hannu ne, da kuliyoyi, da kakar Mabry.

Kullum labarin yana da daɗi, Baba. Shi ya sa nake jin haushin kaina, don sai na yi dariya kafin in gane an sake yi min.

In faifan zai kai ka wani gari bayan Talata, ka faɗa kai tsaye. Akwai mai son kujerar. Kada ka ƙara rubuto min labarin hannu.

Verdell

*

Harlem
30 ga Maris

Verdell,

Na sami wasiƙarki. Ina fatan kina lafiya.

Kin yi gaskiya. Hannun ya warke. Kada ki kula da abin da na rubuta a baya. Ki bar kujerar da sunana, zan zo ranar Asabar. Ki mai da hankali ga karatunki.

Mahaifinki,
Cleophus Tarver

*

Harlem
Talata, 7 ga Afrilu, da yamma

Dell, 'yar Baba,

Da fatan bas ɗin bai karya miki baya ba, kuma kin sami wurin zama mai taga ko da a can bayan da suke tura mu. Ni ina raye, likita ma ya yi mamaki. Jibi zan taso, ban sani ba ko ni zan riga takardar nan ko ita za ta riga ni, amma in ban zubar da labarin nan yau ba zai fasa min ciki.

Kafin nan, Misis Hightower ta ce in gaya miki har yanzu tana jin tsoronki. Ba ta taɓa ganin mace ta shigo gida da jaka a hannu, ba sallama, ta haura bene ta yaye wa namiji bargo ta ce, "Miƙo hannun," ba. Ni kaina da na buɗe ido na gan ki ranar Asabar na ɗauka na riga na mutu ne, aka turo mala'ika mai fushi. Na ce, "Ai na rubuta miki ya warke." Kika ce, "Shi ya kawo ni. Tunda nake ban taɓa ganin wasiƙarka babu wasa ko ɗaya a ciki ba." Mabry kuma ya ce a ba ki haƙuri. Wasiƙar jan layin ta yi kwana huɗu a aljihun kwat ɗinsa tare da rabin burodi, shi ya sa ta iso miki rana ɗaya da wadda na ce ya warke. Ya ce in kin ga dama ki yi masa allura, ya cancanta.

Kin tuna mai busan nan na ƙofar asibiti da nake tsoro? Wanda kika ce wa, ranar da kika ja ni asibitin, in ya buɗe baki za ki ɗinke shi? Bai buɗe ba. Yau ya aiko min da miyar kaza.

To, ga abin da ya faru bayan kin ɗaure min 'yar tsintsiyar wayar da ake shafa ganga da ita a hannu da bandeji kin ruga tasha. Mun isa ɗakin ɗaukar faifai, na cire kwat. Rudnik ya dubi hannun, fari fat kamar kan jariri da gashin waya, ya dubi rufi, ya yi magana da harshen kakanninsa. Ya ce, "Cleophus, mene ne wannan?" Na ce, "Sabon salo ne, daga Nashville aka kawo." Ya ce, "Tsawa na saya!" Na ce, "Yallaɓai, yau yayyafi ne a kasuwa." Ya ɗauki waya zai kira wani. Wallahi, Dell, na ga faifan nan yana fita ta ƙofa da ƙafafunsa. Sai Purvis ya zauna a kan akwatin saksafonsa ya ce, "In wani ya hau kujerar nan, ni leɓena ya kumbura." Mai kaɗa ƙaton gogen nan ya ce shi ma yatsunsa sun fara ciwo. Mabry ya ce shi dama bai iya fiyano ba. An riga an biya ɗakin, agogo na tafiya. Rudnik ya ajiye waya ya ce mu kashe shi mu huta.

Na ƙirga musu, muka shiga. Dama na kan farantin tagulla, ƙafafu biyu na aikinsu, hagu kuwa shara kawai take yi a kan fata, zagaye, zagaye, kamar tsohuwa a tsakar coci. Duk inda na saba cika wuri da luguden hagu sai na bar shi fili. Shekara talatin da ɗaya ban san akwai fili a wurin ba. Yaran suka ga ɗaki ya buɗe, suka baje.

Da muka zo naki, mai sanyin, mai ɗaukar sauti da ke bayan gilashi ya tsayar da mu. Ya ce yana jin wani ƙaras-ƙaras da ba na tsintsiyar ba ne. Aka duba ko'ina. Ashe bandejinki ne ke gogar fata duk zagayen da na yi. Ya ce a naɗe shi da wani abu. Purvis ya ce, "Kai, bar shi. Shi ne mutum na shida." Muka sake. Da aka gama, Rudnik ya fyace hanci ya ce mura ce.

Jini ya ɗan fito ta bandejin a kiɗa na ƙarshe, kada ki yi faɗa, na koma an sake ɗaurewa. Ina shan ƙwayoyin a kan lokaci.

Kin ce min Mis Upshaw ta ba ki izini ba wata matsala. Zan kawo mata alewa. Ki tanadi kanki, hula na zuwa, ubanki na zuwa da tayen aro.

Babanki mai hannu ɗaya da rabi

*

TANGARAHU. NASHVILLE, 8 GA AFRILU.
KADA KA TASO. BABU NI A BIKIN. WASIƘA NA TAFE. KA SHA MAGANI. VERDELL.

*

Nashville
12 ga Afrilu

Baba,

Ina lafiya. Ina fatan kana zuwa wankin ciwon kullum.

Ban sami izini ba. Na tambaya, Mis Upshaw ta ce ɗalibar da ba a sa wa hula ba ba ta barin makaranta sai in mutuwa aka yi, kuma ita ta san irin ciwon makaɗa. Na nuna mata maganar jan layin. Ta ce mutumin da ke mutuwa ba ya zancen Baltimore. Na ajiye makullin ɗakina a teburinta na tafi tasha.

Da na dawo an cire sunana. Ba ta kore ni ba, ta ce don hannuna yana da kyau a aiki. Zan koma baya in bi 'yan ajin da ke zuwa, in sake komai daga wankin fo. Nasu bikin tara ga Afrilun baɗi ne.

Jiya aka yi. Na tsaya a ɗakin wanki na sama ina jin waƙarsu ta taga. Su ashirin da biyar.

Ba na nadama, da na sake samun wasiƙun nan biyu da na sake hawa bas. Likitan ya ce min kwana biyu suka rage a yanke hannun, ko abin da ya fi haka. Amma ina roƙonka abu ɗaya, kuma ba wasa nake ba. Kada ka sa sunana a kan kiɗan nan. Na san yadda kuke yi, kai da abokanka. Ku bar mace tana jira, in abin ya dame ku ku sa sunanta a faifai, shi ke nan an biya. An biya Mama haka. Ni ba za a biya ni haka ba.

Na ji daɗi da aka ɗauka. Ban shirya saurara ba tukuna.

Verdell

*

Harlem
2 ga Agusta

Verdell,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan ta huɗu ke nan tun Afrilu, ban ga amsa ba. Gwaggonki Lutie ta ce kina lafiya, a bakinta nake jin labarinki yanzu, ita kuma sai ta gama zagina take ba ni.

Ciwo ya rufe. Babban yatsan ne ya ƙi lanƙwasa, ya tsaya ƙiƙam kamar yana neman a rage masa hanya. Likita ya ce sanda ba za ta sake kwanciya a kwarmin nan yadda ta saba ba. Yanzu a dunƙule nake riƙe ta kamar yaro da cokali. Ana kirana jefi-jefi, wurin da ake son kiɗa mai sanyi don masu cin abinci. Da rana kuma ina jan lifta a wani otal. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. A ƙarshe dai na sami aikin da ake ɗaukaka mutum.

Faifai ya fito. Na aiko miki da ɗaya a cikin kwali, ki duba ko ya fashe, ba sai kin saurara ba. Bangon kawai nake so ki kalla.

Na yi yadda kika ce. Na je na sami Rudnik na ce a cire sunanki. Ya ce, "To me za a kira shi? Tsawa dai ta mutu, ka kashe ta. Ka ba ni suna kafin Juma'a, na kiɗan da na faifan duka." Na yi kwana biyu ina hawa da sauka a lifta ina tunani. Ni ba mai ilimi ba ne, Dell. Abin da na sani game da kaina shi ne ba na tuna alkawari sai in an buga shi a takarda an manna a bango, da rana da wuri. Sai na ba shi.

Ya ce, "Tara ga Afrilu? Wannan suna ne ko takardar sammaci?" Na ce duka biyun.

Ga shi nan da manyan baƙaƙe, sun fi sunana girma. Ba wanda zai gan shi ya ce kai, mutumin nan yana son 'yarsa. Tambaya kawai suke yi, ni kuma ina faɗa musu, har da abin da ya jawo. Yanzu duk Harlem ta sani. In na shiga zauren ƙungiya sai ka ji, "Tarver, saura wata nawa?" Purvis ya ce in na kuskura na karɓi aiki ranar, shi zai karya min ɗaya hannun. Misis Hightower ta kafa bangon faifan da ƙusa a saman murhun gas.

Kuma an gwada ni tun ba a je ko'ina ba. Wani mai babbar ƙungiyar kiɗa ya ji faifan, ya ce irin sharar nan yake so a bayan mawaƙiyarsa. Turai, wata uku, jirgin ruwa zai tashi farkon Afrilu. Ni da ban taɓa wuce Kanada ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ce ya ba ni dare ɗaya, kuma ban yi barci ba. Da safe na ce masa an riga an ɗauke ni ranar Asabar ɗin. Ya ce, "Wa ya ɗauke ka? Nawa zai ba ka?" Na ce, "Wata nas ce. Ba ta biya, ita ke bina."

Na san wannan ma labari ne mai daɗi, kuma kin gaji da su. Na san shekara guda na ci miki, kuma ba ni da inda zan samo shekara in mayar. Wata takwas ne tsakanina da ranar nan, ni kuma kin san ni, na san ni. Shi ya sa nake tsoro.

Ban ce ki amsa ba. In kin ba wa mai dangi da yawa kujerun duka biyu, daidai ne, zan tsaya a ƙofa da tayen, na saye shi yanzu. In kuwa akwai saura, ki rubuta sunana ki miƙa wa Mis Upshaw ta sake ɗaga gilashinta. Ko ta can baya ce. Na saba da baya.

Babanki, wanda kike bi,
Cleophus